Tayin da Mashdi Eyvaz Ya Karɓa

Tun mahaifinta na cire takalmi a bakin ƙofa Tarlan ta ga an yi wa bel ɗin wandonsa sabuwar huda don ya ƙara matsewa, amma hankalinta na kan tukunya, sai ta bar zancen. Mashdi Eyvaz, mai kiwon zuma, ya taso daga Ardabil a motar safe don ya ci abincin Juma'a a gidan 'yarsa a Tabriz.

Mijinta Araz ya fasa ƙaton dunƙulen nama a faranti, dafaffen ƙwai ya leƙo daga tsakiya, tururi ya tashi.

"Bismillah, Baba."

"Na ƙoshi, ɗana. Na taɓa wani abu a hanya."

"Me kuka taɓa? Shayin tasha?"

"Allah ya yi albarka. Ku ci kawai, ni kallonku ma ƙoshi ne."

Kowa ya san ƙa'ida: baƙo ya ƙi, mai gida ya nace, balle a gidan suruki. Wata da watanni haka dattijon yake yi, a ƙarshe a bar shi da shayi da guntun burodi, Tarlan kuma ta ce wa mijinta kada ya damu, kara ce irin ta mutanen kan dutse. Yau dai Araz ya sha alwashi.

"Wallahi in ba ku ci ba, ni ma na ajiye cokali. Ko girkin 'yar taku ne kuke tsoro? In shi ne, ku faɗa, ni ma na daɗe ina haƙuri."

Mashdi Eyvaz ya yi dariya. An yi rantsuwa, ba sauran hanya. Ya kai loma, ya ƙara, ya haɗiye kamar mai haɗiyar tsakuwa. Can ya miƙe ya nufi wurin wanke hannu. Da Tarlan ta bi shi, ta tarar ya dafa bango, abin da ya amayar baƙi ƙirin kamar tukar gahawa.

Ta san ma'anar wannan baƙin. Tsohon jini ne.

"Baba, tun yaushe nama ya daina shiga?"

"Ya kwana biyu."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Na faɗa mana. Kullum ina cewa na ƙoshi."

Ba ta ɗauko ko jakarta ba, ta ce wa Araz ya tada mota.

A hanya ƙwayoyin maganin da ta taɓa aika masa suka faɗo mata a rai. Bara waccan ya kira ta yana kukan ƙwannafi, ita kuwa aka taɓo ta a inda ta fi ƙarfi. Aikinta ke nan a ɗakin bincike: tana auna yadda ƙananan ƙwayoyin sinadari masu caji ke shiga da fita ta tantanin ƙwayoyin halittar tumbi. A jikin tantanin akwai famfon da ke tura tsami waje ya karɓi sinadarin fotasiyam a madadinsa, akwai ƙofofin da ke fitar da abin da ke kashe kaifin tsamin don kada ciki ya ci kansa. Ta aika masa da maganin da ke rufe famfon. Zafi ya ɗauke cikin 'yan kwanaki. Ya riƙa zagaya kasuwa yana cewa 'yarsa mai gadin ƙofa ce, ta kulle wuta a cikinsa. Daga nan ya ci gaba da saye da kansa, ya koma wa cukunsa mai gishiri da shayinsa mai ƙona harshe. Ita ko sau ɗaya ba ta ce a leƙa cikin ba.

Likitar da ta zura masa na'urar leƙen ciki, Nushin, tare suka yi makaranta. Ta jawo Tarlan gefe, ta nuna mata hoton: gyambo mai kaurin baki, ya yi zaman dirshan a ƙasan tumbin.

"Tun yaushe yake shan maganin tsami?"

Tarlan ta faɗa mata.

"Wa ya rubuta masa?"

Tarlan ta sunkuyar da kai. Nushin ta dube ta, ta sauke murya. "Ba maganin ya kawo shi ba, kin fi ni sani. Ɗan aike dai ya kora, zafin da ke kawo gargaɗi."

Ta sani kuwa. Shekaru ta yi tana kallon irin waɗannan ƙwayoyin halitta a ƙarƙashin madubin ƙara girma, tana ganin yadda ƙofofinsu ke rikicewa idan sun zama daji: wasu su toshe, wasu su wage, ƙwayar ta riƙa zubar da tsami a kan maƙwabtanta tana share wa kanta hanya. Ta yi rubutu a kai, an tafa mata a taro. Duk wannan lokacin abin yana tafiyarsa a cikin mutumin da ya biya mata kuɗin makaranta da zuma.

Sakamakon gwaji ya tabbatar da ciwon daji. Abu ɗaya ya rage: ko zai ciru. Hoton bai nuna ya kai hanta ba, likitan fiɗa ya ce za a buɗe a gani, idan bai bazu ba a yanke tumbin.

Yayanta Yashar ya iso ranar aikin da ƙurar hanya a jikinsa. Bai gaishe ta ba.

"Malama mai ƙofofi, kada ki kuskura ki ambata masa sunan ciwon nan. Olsa ce. Kin ji ko?"

"Yaya, cikinsa ne, yana da hakkin ya sani."

"Hakki? Kin yi naki. Bar mu mu yi namu."

Aka shiga da dattijon ɗakin fiɗa da hantsi. An ce musu aikin zai kai la'asar, don haka Araz ya tafi neman abinci, Yashar ya zaro carbi. Tarlan ta zauna tana roƙon Allah kada ƙofar nan ta buɗe da wuri.

Ba a kira azahar ba ta buɗe. Likitan ya fito yana cire hula, bai ma ƙaraso ba ta gane. Ya ce ciwon ya warwatsu a jikin tantanin ciki kamar an watsa gero, ƙanana ƙwarai, shi ya sa hoto bai kama su ba. Sun buɗe, sun rufe.

"Da an zo bara fa?" ta tambaya.

Likitan ya dubi hularsa. "Komai da lokacinsa, 'yar'uwa."

Da yamma Mashdi Eyvaz ya farfaɗo. Yashar ya tsaya a kansa yana hararar Tarlan.

"An cire, 'yata?"

"An duba, Baba."

"An gyara tsaf," Yashar ya yi caraf. "Kwana kaɗan za ka koma gida."

Dattijon bai kalli ɗansa ba, fuskar Tarlan yake karantawa. Ya daɗe a haka, sannan ya lalubo hannunta ya riƙe.

"Yashar, ka sauko da amyoyin nan daga dutse kafin sanyi ya shigo. Ka tafi da wani ya taya ka. Bana ba ni zan hau ba."