Masu Zuwa Kawo Shayi

Hureira na cikin shafa wa Mak Cik Zaharah man kwakwa a ƙafa sai Puan Rosnah ta leƙo falon ta yafito ta da hannu. Puan Rosnah ce mai kula da gidan tsofaffin nan na unguwar Taman Melati a Malesiya, gajeriyar mace mai saurin tafiya, wadda ba ta jan mutum gefe sai da dalili. Hureira ta goge hannunta a bakin hijabi, ta bi ta har ƙofar kicin.

"Yau ce ranarki ta ƙarshe ko?" Puan Rosnah ta tambaya cikin Turancinta mai gauraye da Malayanci.

"Eh. Jibi jirginmu zai tashi."

"To ina roƙon ki, kada ki gaya mata. Ba a yin ban kwana a gidan nan. In lokacin tashinku ya yi, ki ce za ki je ki kawo mata shayi, ki bi ta ƙofar baya ki wuce. Na riga na sa an kai takalmanki can."

Hureira ta tsaya tana kallon ta, don da farko ta ɗauka wasa ne. Amma Puan Rosnah ba ta wasa da cikin tsofaffinta. Ta ba ta labarin wata ɗaliba da ta gama karatu, ta zo da furanni da hawaye ta rungume Mak Cik Zaharah ta ce ta tafi ke nan. Tsohuwar ta juya wa abinci baya, aka yi lallami aka yi dabara, sai da aka dangana da asibiti aka ɗaura mata ruwa. Tun daga lokacin aka kafa dokar shayi.

"Tana da mantuwa," in ji Puan Rosnah. "Kafin la'asar ta manta kin ma zo. Wannan ya fi mata sauƙi."

Hureira ta ce to, don ba ta iya musu da babba a tsaye ba.

Ita fa satin nan kaf yawon sallama ta yi. Mijinta Zahraddeen ya kammala digirinsa na uku, an ɗaure kaya, an rabar da tukwane. Ta bi matan 'yan Najeriya na unguwarsu Danau Kota gida gida tana neman yafiya. Ta je wurin mai kifin da take saye a kasuwa. Har mai gadin benensu, ɗan Nepal, sai da ta ce ya yafe mata, bawan Allah ya yi ta zare ido yana neman laifin da ta yi masa bai gano ba. Haka aka rene ta a Gwammaja: mai tafiya mai nisa ba ya zare jiki kamar ɓarawo, sai ya durƙusa ya ce a yafe masa, don ba wanda ya san ko za a sake ganawa. Kuma ita ta ga ranar abin. Mahaifiyarta ta rasu tana nan Malesiya, ba ta ga gawa ba, ba ta zauna makoki ba. Abin da ya riƙe ta a watannin nan shi ne tuna ranar da ta durƙusa a tsakar gida da akwatinta a gefe, Inna ta dafa kanta ta ce ta yafe mata duniya da lahira.

Bayan rasuwar ne ma ƙawarta Jumai ta jawo ta gidan tsofaffin, don ta gaji da ganin ta a ƙule a ɗaki tana kallon rufin mutane ta taga. Ranar farko Hureira ta zo ne da hanci a sama. Duk hanya mita take yi, wai wane irin ɗa ne zai ɗauki uwarsa ya kai ajiya. Sai ga shi ita ce ta koma mai riga kowa zuwa ranar Asabar. Jumai da sauran matan su yi wa tsofaffi lalle, su yanke musu farce, ɗaliban jami'a su kunna kiɗa a yi motsa jiki, ita kuwa nata aikin ƙafafun Mak Cik Zaharah ne. Mak Cik a bakin mutanen nan kamar ka ce Gwaggo ne. Tsohuwar tela ce, idonta ya yi rauni, tunaninta yana zuwa yana tafiya. Ba ta taɓa riƙe sunan Hureira ba, 'yata kawai take ce mata, kuma duk Asabar sai ta zaro biskit ɗin da ta ɓoye a aljihu ta danƙa mata ta ce, "Makan, makan," wato ci, ci, ta tsare ta da ido sai ta cinye.

Da ta koma falo an fara jefa ƙwallo. Tsofaffi sun yi da'ira a kujerunsu, wani ɗalibi na tsakiya yana jefa musu ƙwallon roba suna cafewa. Wani tsoho mai farar hula da ba ya taɓa yarda ya faɗi yana ta rantsuwa cewa yaron ne bai iya jifa ba. Mak Cik Zaharah ba ta shiga da'ira. Keken guragun da take zama a kai kullum a gefe yake, yana fuskantar ƙofar kicin, har ma'aikata na tsokanar ta wai ƙamshin girki take gadi.

Jumai ta matso da kwanon lalle a hannu ta yi ƙasa da murya. "Me Madam ta ce miki? Na ga fuskarki ta canza."

Hureira ta gaya mata.

"To ai she has a point," in ji Jumai. "Ke jibi kina Kano kina shan fura, su za ki bari da jinya. Ki yi mata sallamar a zuci mana, Allah ya ga niyyarki."

"Jumai, matar nan na ci biskit ɗinta ya fi a ƙirga. In fita ta bayan gida?"

"Please kar ki ja mana, mu da za mu ci gaba da zuwa. Follow the rule kawai. Bari in kira mana mota tun yanzu, mijinki ma ya ce miki kar ki daɗe."

Hureira ta koma ta zauna a ƙasa, ta ɗora ƙafar tsohuwar a cinyarta. Ta yi tausar a hankali fiye da kullum, yatsa bayan yatsa, kamar in ta ja aikin lokaci zai jira ta. Mak Cik Zaharah na ta ba ta labarin wata rigar amarya da ta taɓa ɗinkawa, labarin da Hureira ta haddace da ɗan guntun Malayancinta. Ana haka aka kashe kiɗa, ɗalibai suka fara tattara kujeru. Puan Rosnah ta tsaya daga nesa ta gyaɗa mata kai.

Hureira ta rufe kwalbar man. "Mak Cik," ta ce, "bari in je in kawo miki shayi."

Tsohuwar tana riƙe da hannunta ne a lokacin. Ba ta ƙanƙame ba, ba ta yi kuka ba. Sakin hannun ta yi, ta gyara ɗankwalinta, ta ce da muryar mai ba da labarin yanayi, "Adnan ma shayi ya je kawowa."

Hureira ta san sunan. Ɗanta ne, wanda ya kawo ta gidan.

"Da yarinyar nan mai tabarau. Da dogon yaron da ke karanta mini jarida." Ta ɗaga haɓa ta nuna ƙofar. "Kicin ɗin gidan nan da nisa yake. Je ki, 'yata."

Hureira ta miƙe da ƙyar. A kicin ta tarar da takalmanta an jera su a bakin ƙofar baya, an ma juya mata su yadda sai dai ta zura ƙafa. Jumai na tsaye a waje da waya a hannu tana cewa motar ta kusa. Hureira ta dubi takalman, ta dubi butar shayi a kan murhu. Ashe ba ƙamshin girki matar nan take gadi ba. Tausayi ya kama ta, da kunya, har da ɗan haushin kanta da ta ce to tun farko. Ta kunna wuta.

"Me kike yi?" Puan Rosnah ce a bayanta.

"Shayi."

"Hureira, mun yi magana."

"Ta sani, Puan. Ta lissafa mini su, har da Adnan. Ba ta manta ko ɗaya ba, jiran su take yi."

Puan Rosnah ta juya. Ta leƙa ta ƙofa ta hango keken da ta shekara nawa tana wucewa ta gefensa. Da ta juyo fuskarta ba ta yi laushi ba. "In ta daina cin abinci, ke kina ƙasarku, ni ce a nan."

"Gaskiya ne," in ji Hureira.

Ruwa ya tafasa su biyun suna tsaye. Hureira ta miƙa hannu za ta ɗauki kofi, Puan Rosnah ta ture hannun, ta buɗe wani kabad ta ɗauko wani mai zanen fure. "Wannan ne nata. Kada ki sa sukari."

Mak Cik Zaharah ta ji motsi ta ɗago. Ta daɗe tana kallon tururin da ke tashi daga kofin kafin ta kalli mai riƙe da shi. "Kin dawo," ta ce, kamar mai tambaya.

Hureira ta sa mata kofin a hannu, ta durƙusa gwiwa biyu a gaban keken. Malayancinta ba shi da yawa, sai ta yi amfani da ɗan abin da take da shi ba kwana-kwana. Ta ce mijinta ya gama karatu. Ta ce jibi za ta koma ƙasarsu, ƙasa ce mai nisa, kuma ba ta jin za ta dawo. Ta ce a halatta mata abin da ta ci da abin da ta sha, yadda ta ji mutanen nan suna faɗa in za su rabu. Sauran kuwa da Hausa ya fito mata, don a nan yake zaune: "Ki yafe mini, Inna. Duk abin da na yi miki, wanda na sani da wanda ban sani ba."

Falon ya yi tsit, har tsoho mai farar hula ya bar mitar ƙwallo. Hawaye suka biyo tamojin fuskar Mak Cik Zaharah. Hureira ta ce a ranta shi ke nan, ta jawo wa baiwar Allah asibiti.

Tsohuwar ta kurɓi shayin. Ta yamutsa fuska ta ce ba zaƙi. Sannan ta laluba aljihu ta zaro biskit, ta karya biyu, ta miƙa wa Hureira rabi, ta tsoma nata rabin a kofi ta kai baki. Da ta haɗiye sai ta ɗora tafin hannunta a kan Hureira, hannu mara nauyi mai ɗumin kofi.

"Na halatta, na yafe," ta ce. "Tashi ki tafi. Ke ba zan jira ki ba."

Hureira ta sumbaci hannun ta kai shi goshinta. Ko tsohuwar za ta ci abincin rana, ko gobe za ta juya masa baya, wannan ba ta sani ba, kuma ta san da tunanin za ta hau jirgi. Ta miƙe da rabin biskit a hannu ta nufi ƙofar gaba, sai a bakin ƙofar ta tuna ba ta da takalmi.

Puan Rosnah ce ta zagayo da su ta gefen gida, riƙe a hannu. Ta ajiye mata a kan matakala, ta koma ciki ba ta ce komai ba.