Hanyar Bayan Dutse

Kawu ya ɗora Auta a kafaɗa suka tsallake wani rami da ruwa ya zaizaye, ya sauke shi yana haki. Ƙafafunsa da tsayuwa gaban injin mota suka saba, ba hawan dutse ba, ga takalmin gareji da ya sako sai santsi yake yi.

"Kawu, me ya sa ba mu bi inda kowa yake bi ba?" in ji yayar Auta, wadda ake kira Lauya a gida don ba ta barin magana ta faɗi ƙasa. "Can akwai matakala, akwai masu sayar da ruwa."

"Can ai cunkoso ne, sai a tattake muku ƙafa. Nan kuwa ji kukan tsuntsaye."

"Ni ban ji wani tsuntsu ba."

Gaskiyarta ce, babu abin da ake ji sai iska da ƙarar tsakuwa. Kuma ba don tsuntsu Kawu ya zaɓi hanyar baya ba. Da safen nan za a shiga tiyata da uwar yaran, yayarsa, wadda ta goye shi tun yana majina. Mijinta ne ya ce, "Ɗauke min yaran nan, ka kai su inda za su manta." Shi kuwa Kawu ya san hanyar baya babu sabis ɗin waya tun daga gindin dutsen har kusa da ƙololuwa, abin da ya kawo shi ke nan. Mutum ne da zai kwanta ƙarƙashin babbar mota ko gezau, amma kiran waya daga asibiti, a nan jarumtarsa ta ƙare. Lissafinsa, kafin su kai sama an gama komai, mai daɗi ko marar daɗi, ya ji shi a dunƙule.

Auta ya zauna daɓas a kan wani falalen dutse ya ce ƙafarsa ta mutu. Kawu ya ba shi ruwa, ya yi masa ƙaryar cewa saura kaɗan. Lauya ba ta sha ba.

"Ba ni wayarka in ga ko Abba ya kira."

"Babu sabis a nan."

"Dama ka sani?"

Ya yi kunnen uwar shegu, ya durƙusa yana ɗaure wa Auta igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Ya ji idonta a ƙeyarsa, kunya ta kama shi, amma ya ci gaba da ɗaurin.

Rana ta take tsaka lokacin da hanyar ta ɓulla da su saman dutsen. Ga mutane maƙil, masu ɗaukar hoto, masu shimfiɗa tabarma, wani dattijo na ta faɗa da jikokinsa kada su matsa baki. Auta ya manta da mutuwar ƙafa, ya hau tsalle. A nan wayar ta fara rawa a aljihun Kawu, ta ƙi tsayawa. Ya ciro ta. Kira ne birjik da bai samu ba, kuma yawancinsu ba daga mijin ba ne, daga lambar yayarsa ne.

Ya juya zai koma gefe, Lauya ta riƙe masa riga.

"Kada ka je can ka dawo kana mana murmushi. Ka sa mu ji."

Ya kira uban yaran, ya buɗe muryar wayar yadda duk za su ji.

"Ina kuka shiga, don Allah?" Muryar ta dushe. "Ba a ɗauke ta da safe ba, an kawo wani da ya yi haɗari aka fara da shi. Tun safe idonta biyu, ba abin da take cewa sai a kira mata yaran ta ji muryarsu. Da hannunta ta yi ta kiranka har ta gaji. Yanzun nan aka tura ta ciki."



"Abba, me ta ce?" in ji Lauya.

"Ke ce? Ta ce a gaya wa Kawunku ya riƙe hannun Auta wajen saukowa. Sai an fito da ita, zan kira."

Kiran ya katse. Wasu 'yanmata a bayansu suka kwashe da dariya kan wani hoto. Kawu ya zauna a ƙasa, ya ji duk nauyin dutsen nan a kan ƙirjinsa yake. Ya gudar wa kansa tashin hankali, ya bar yayarsa da nata ita kaɗai.

Lauya ta zare wayar daga hannunsa, bai hana ta ba. Ta buɗe lambar uwarta, ta danna wajen ɗaukar murya, ta jawo Auta.

"Yi wa Umma magana, in ta farka za ta ji."

"Umma, mun hau har sama! Ni da ƙafata na hau, Kawu sau ɗaya kawai ya ɗauke ni."

"Umma, ni ce," in ji Lauya. "Muna nan lafiya. Ba ƙin ɗauka muka yi ba."

Ba ta ɗaga yatsanta daga kan wayar ba. Ta miƙo ta saitin bakin Kawu.

"Saura kai, Kawu. Gaya mata inda muka shiga."