Hannun Midhat

Midhat ɗan ƙanwata ne, mai ɗaga ƙarfe. Allurar ƙara tsoka ta mai da shi bijimi, ta kuma ƙone masa maniyyi. Shekara huɗu da aure matarsa Nagat ko ɓari ba ta yi ba, yayyenta suka ce in azumi ya wuce ba ciki za su karɓe abarsu. A garinmu Asyut ba a faɗin irin wannan sau biyu.

Ni kuwa ɓeraye nake kiwo a ɗakin gwaji. Dakta Sausan tana dirka musu irin allurar Midhat, ni ina ɗura wa rabinsu ruwan ɓawon rumman, a ga ko zai kare musu golaye. Uwar Midhat ta kai masa labari har da gishiri, wai ɓerayen Kawu Ragab sai haihuwa suke.

Ya faɗo mini da hantsi ranar yanka ɓeraye, Dakta ta fita shan shayi. Ya ce in ba shi kwalbar ruwan rumman. Na ce ya bar allura tukun. Ya ce yana da gasa a Alƙahira, kuma ai ɓerayena ba su bar tasu ba.

"Nuna min 'ya'yan, Kawu."

"Ba 'ya'ya, ɗan nema. Ba a ba su mata. Yanka su muke."

Na ja masa farantin. Golaye a jere kamar wake, da jini. Na ce Dakta a madubin likita take dubawa, ta ce na masu shan rumman sun fi dama, amma ba su kai na wanda bai taɓa ganin allura ba.

Ya shaƙe ni ya buga bakina a gefen famfo. Haƙori biyu suka zube. Ya ɗaga kejin ƙarfe ya maka da bango, ya bi ɓeraye yana takewa, ana jin ƙasusuwansu. Sannan ya kwankwaɗe kwalbar, yana tari, yana cewa gobe ma zai yi allurarsa, uban wa zai hana shi.

Ya dafa tebur yana haki. Na ɗauko sandar ƙarfen da nake tokare ƙofa, na auna hannun dama, wanda yake ɗaga ƙarfe da shi, na sauke. Na ƙara, don kada ya ɗoru da wuri. Ihunsa ya tara masu gadi.

An kore ni daga aiki. Ƙanwata ta tofa mini yawu a bainar dangi. Shi kuma ba gasa, ba dalilin allura, ya zabge kamar buhun da aka zazzage. Da sanyi ya shigo likita ya ce maniyyin ya fara dawowa.

Nagat dai tun washegarin Sallah yayyenta suka zo da mota, suka kwashe har katifa.