Mai Leƙe a Kwamfutar Islamiyya

Malama Mahfuza ce ke kula da kwamfutar Islamiyyar mahaifinta a Safana. Wata Laraba bayan azahar ta rubuta sunan wata ɗaliba a wurin bincike. Sai wani baƙin akwati ya bayyana a allon, ya ɓace. Tana zaune, hannuwanta a kan cinya, ta ga kibiyar linzamin kwamfutar tana tafiya da kanta, tana buɗe hotunan ɗalibai ɗaya bayan ɗaya.

Ta kira yayanta Uzairu, mai gyaran kwamfuta a Batsari.

"Yaya, akwai wani a cikin kwamfutar Baba."

"An turo miki wani fayil?"

"Jiya, amma ban buɗe shi ba."

"Ba sai kin buɗe ba. Binciken ne ya leƙa cikinsa, ta nan mutumin ya shigo daga nesa. Ki kashe intanet ɗin yanzu."

Tana miƙa hannu, kibiyar ta tsaya cak, ƙaramar fitilar kamara ta kunnu. Mahfuza ta rufe fuska da hijabi sannan ta zare wayar intanet ɗin. Da Uzairu ya iso da la'asar, a waje ya same ta zaune, ta sa wa ofishin da kwamfutar take kwaɗo.