Ƙwaya a Cikin Shayi

Wani dare wani tsoho mai gyaran agogo ya farka ya ji muryar namiji a ɗakinsa, kakkaura, a shaƙe, tana cewa, "Malam, miƙo mini bargo." Ya lalubo tocila ya haska. Ba kowa sai matarsa, a dunƙule tana rawar sanyi, shi kuwa gumi yake yi.

Daga nan abubuwa suka yi ta fitowa. Fuskarta ta kumbura, gashi yana bin mataji, ita da ke riga kowa tashi sai hantsi ya tashe ta.

A asibiti aka ɗebi jini. Likita ya ce akwai wani ɗan nama a gaban wuya mai siffar malam-buɗe-littafi, shi ke saita saurin jiki, nata ya yi sanyin aiki. Tsohon ya shagala da tunanin wannan halitta a wuyan matarsa, sauran bayanin ya wuce shi. Abin da ya riƙe: ƙwaya ɗaya kowace safiya, da ɗan tattaki.

"Ashe agogo ce ke, tsohuwa. Batir ne ya yi sanyi."

"Kai kuma ƙararrawa," in ji ta, "ba ka gajiya."

Ba ta son haɗiyar ƙwaya. Sai ya riƙa murƙushe ta da bayan cokali a kan teburin aikinsa, ya zuba a shayi mai kaurin madara, ya bi da cokalin maganin ƙarin jini da ya sayo da kansa. Da yamma ya riƙe hannunta su kai ƙarshen layi su dawo. Wata takwas bai yi fashi ba.

Ba ta samu sauƙi ba. Babbar 'yarsu ta zo daga garin da take aure, ta ce in gwajin jini na gaba bai yi kyau ba, da uwarta za ta koma.

Bai yi kyau ba. Likita ya tambayi yadda take shan maganin, tsohon ya zayyana masa, har da alfahari. Likita ya ajiye biro.

"Baba, da ruwa zalla ake shan ta, ciki ba komai, a jinkirta karyawa. Madara da maganin ƙarin jini hana ta shiga jiki suke yi. Na faɗa tun ranar farko."

'Yar ba ta ɗaga murya ba. A gida ta hau haɗa kaya.

"Yanzu na gane," in ji tsohon. "Ki ba ni wata ɗaya."

Ta ninke bargon ta sa a jaka.

A cikin mota matar ta leƙo, ta ce da muryar nan tata, "Shayinka akwai daɗi, Malam."

Tela maƙwabcinsu ya fito, tef ɗin awo rataye a wuya, ya dubi jakunkunan, ya dubi tsohon.

"Wai ba kai ke ba ta maganin da hannunka ba? To me ya hana ta warkewa?"