Gwamnan Farfelar Sixten

Shekara goma sha huɗu Sixten ya yi yana ƙera jirginsa, rabinsu a garejin gida, sauran a rumfar jiragen ƙungiyarmu, a kusurwar da ke kallon tawa. Jirgi ne mai kujera biyu, kowace ƙusa a jikinsa da hannunsa ya buga ta. Ni ne Holger, ƙanin matarsa Majvor, kuma ni na sayar masa da injin, wanda na sauke daga tsohon jirgina.

A kakar bara likita ya sa wa takardar lafiyarsa ta tuƙin jirgi hannu, ya ce daga wannan ba ƙari, idonsa na hagu ya kai iyakar da doka ta yarda. Takardar za ta ƙare ranar talatin ga Satumba. Ke nan shekara guda ta rage masa ya tashi da jirgin da kansa, ko ya zama ɗan kallo. Wani zai ruga ya sayi abin da ya rage ya ɗaura. Sixten sai ya sayo babban kwali ya manna a bango, ya ja layuka da rula.

Abin da ya rage shi ne gwamnan farfela. Farfelarsa irin mai murɗa fikafikanta ce a sama, yadda direba ke canza giya, gwamna kuwa shi ke sa ta murɗawa. Bai fi gwangwanin madara girma ba. Ana ɗaure shi a bayan inji, ya riƙa tura baƙin mai da ƙarfi ta ramin da ke cikin karanshaf, wato sandar da ke juya farfela, har zuwa farfelar. Ka ja shuɗin mariƙi a gabanka, gudun inji ya sauka ya tsaya inda ka ce.

Duk hunturu a kan wannan kwali muka sha kofinmu na Asabar. Gwamnan Amurka ya cika nauyi. Na Jamus sai an jira wata huɗu. Na ƙasar Cek mara nauyi ne, amma hannunsa na kallon gefen da wayar ba ta biyo ba. Wanne ne ke juyawa dama, wanne ne hagu, wanne ne haƙoransa suka dace da gudun injin, duk sai da ya karanta mana, muna tauna burodin kirfa muna gyaɗa kai. A watan Maris ya zaɓi na Cek. A Afrilu ya sake tunani. A Mayu ya koma kan na Cek ɗin.

Ba zan rage masa komai ba, ɗaurin ya yi kyau. Tsakanin bayan injin da bangon jirgi hannu da kyar yake shiga, sai da ya kankare sifana ta zama siririya. Ya sa gasket, faifan hana yoyon mai, mai 'yar raga, tudun ragar na kallon gwamna kamar yadda aka ce. Ya ɗaure noti huɗu daidai awo, ya kitse su da waya. Ya cire farfela, ya fitar da murfin da ke toshe bakin karanshaf don mai ya samu hanya, ya maida ta.

Ranar Asabar ta biyu a Yuni muka turo jirgin kan ciyawa. Evert, mai duba mana aiki, ya zo da bironsa. Izinin gwajin tashi ya riga ya iso, abu ɗaya ya rage: Evert ya ga farfela ta murɗa, ya sa hannu. Inji ya tashi lafiya. Sixten ya ƙara wuta, ya ja shuɗin mariƙi. Ko gezau. Ya mayar, ya sake ja, ya sake, ƙarar injin ba ta canza ba ko kaɗan. Evert ya maida biro aljihu ya ce in ta murɗa a kira shi.

A nan tsaye na tuna. Murfi biyu ne a cikin ramin karanshaf ɗin nan, na baki da na can ciki. Shekara talatin da suka wuce, da na sa wa injin farfelar katako wadda ba ta murɗawa, na huda na cikin da kaina, haka takardar masu injin ta ce a yi. Yanzu duk man da gwamna ya turo ta wannan huji yake zurarewa ya koma cikin inji. Ko gwamnan zinariya aka ɗaura, labarin ɗaya ne.

To me ya hana ni faɗa? A rumfarmu ba a taɓa jirgin wani, ba a kuma ba shi shawara sai ya nema. Mu a wajenmu ladabi ne. Na taɓa karya wannan doka sau ɗaya, shekara goma sha ɗaya baya, na ce wa Sixten layin ƙusoshin jelar jirginsa ya ɗan karkace. Ya ɗago ya kalle ni a gaban mutane ya ce, "Na tambaye ka?" Abin ya tsaya min a rai, ba na ɓoyewa. Ga shi kuma na rubuta zancen hujin da tawada a littafin injin, shafi na arba'in da ɗaya, na ba shi littafin hannu da hannu. Na ce wa kaina na fita hakkinsa, ranar Litinin zai buɗe ya gani.

Ranar Litinin ya naɗe gwamnan ya maida wa kamfanin, da wasiƙa shafi uku.

A Yuli na Amurka ya iso. Wata sifanar aka kankare, wata wayar aka kitsa, farfela ta yi kunnen uwar shegu. A nan na ga ya kamata in taimaka, cikin ladabi. Muna shan kofi na kawo labari.

"Na ji an ce wani mutum can arewa ya yi irin wannan fama. Ashe huji ne a cikin injin, tun daga tsohon mai shi."

Sixten ya kurɓi kofi. "Wawa ne. Mutum ya sayi inji bai karanta littafinsa ba?"

"Kai ka karanta naka ke nan."

"Naka ne fa, Holger. Injin da na sha jin ƙararsa shekara ashirin. Me zan karanta a ciki, rubutunka mai kama da tafiyar kaza?"

Mako na gaba na ɗauko littafin daga kan kantarsa, na buɗe shafin, na ajiye a kan fiffiken jirgin, na danne da kofi don kada iska ta rufe. Washegari na tarar littafin ya koma wurinsa, an kuma manna takarda a allon sanarwa: "Ana roƙon 'yan ƙungiya su daina ajiye kofi a kan fikafikan mutane." Ba suna, ba sa hannu. Mu shida ne a ƙungiyar.

A Agusta ya aro gwamna na uku daga wani abokinsa a kudu. Na same shi kwance a ƙarƙashin inji, gwiwar hannu duk jini, ya rame, gilashinsa ya zamo kan hanci. Tausayinsa ya kama ni sosai. Na tsaya a kansa na gyara murya.

"Tsoho, ba ka da wata tambaya da kake son yi min?"

Ya leƙo daga ƙarƙashin injin. "Akwai sauran madara a firji?"

Na ce akwai. Na kuma kawo masa.

Ranar Lahadi, saura kwana huɗu takardar ta ƙare, Majvor ta kira ni cin abincin rana. Muna kicin ina taya ta feraye dankali, Sixten na falo da takardunsa. Ta ce mutumin nan ya daina barci, ya daina cin abinci, da asuba sai ta gan shi a taga yana rufe ido ɗaya yana gwada ɗayan. Bakina ya suɓuce na ce ai ba laifin gwamna ba ne.

Ta ajiye wuƙa. "To laifin wa?"

Na gaya mata, a taƙaice.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun Yuni."

"Yuni! Holger, kai ɗin nan da na yi wa wanka? Wata uku kana kallon mijina yana narkewa, ka kame baki?"

"Bai tambaye ni ba, Majvor. Kin san dokar rumfa."

"Dokar rumfa! Tsofaffi shida da tukunyar kofi ɗaya, har da wata doka. Matsa min."

Ko hannu ba ta goge ba ta leƙa falo. "Sixten! Wannan sakaran ƙanin nawa ya huda wani murfi a cikin injinka tun kafin a aurar da Lena. Je ka canza shi. Abinci saura minti ashirin."

Lena 'yarsu ce, yanzu 'ya'yanta uku. Abin da na yi wata uku ina kewaye, Majvor ta gama shi da numfashi ɗaya. Sixten ya fito ya tsaya a ƙofar kicin. Na shirya wa zagi, har na so a zage ni. Sai kawai ya ce, "Shafi na nawa?" Na faɗa masa. Muka ci dankali da kifi, ba wanda ya ƙara magana sai Majvor, ita kuwa ba ta gajiya.

Da yamma muka cire farfela, ya haska tocila cikin ramin. Ga hujin nan, ɗan ƙarami, tsaf da shi, aikin hannuna. Sabon murfi ya iso ranar Talata. Ranar Laraba muka buga shi, ni na riƙe, shi ya buga. Gwamnan Cek na farko ya ɗaura, wanda kamfanin ya dawo masa da shi tun Yuli da wasiƙa layi biyu cewa lafiyarsa ƙalau. Ya ja shuɗin mariƙi, injin ya yi wani gurnani mai daɗi, gudunsa ya sauka, ya mayar, ya hau. Evert ya ɗora takarda a kan fiffike ya sa hannu, ya ce sai gobe.

Goben ita ce talatin ga wata. Ruwa ya fara tun kafin gari ya waye, hazo ya sauko har ba ka ganin itatuwan ƙarshen fili. Muka zauna a bakin rumfa da jirgi cike da mai, muna kallon ciyawa tana shan ruwa. Wajen ƙarfe uku gari ya ɗan yi haske, Sixten ya miƙe ya sa hula, sai garin ya sake rufewa. Ƙarfe shida ya cire hular ya tafi gida.

Ɗaya ga Oktoba gari ya waye tas, ba gajimare ko ɗaya, iska a kwance, ciyawa ta tsane kafin azahar. Evert ya tafi farauta. Daga ni sai Sixten a filin.

Na ce, "Ni zan shiga daji neman laimar kwaɗi. Sai na yi awa biyu. Kunnena kuma ba ya ji sosai kwanan nan."

"Takardata ta ƙare jiya."

"Idonka na jiya da na yau ba ɗaya ba ne? Wa zai sani?"

"Ni zan sani." Ya zaro makulli ya miƙo min. "Birkin hagu ya fi na dama kamawa. Kada gudun inji ya wuce dubu biyu da ɗari huɗu in ka daidaita."

Na ce ya shigo kujerar gefe mana. Ya tuna min abin da na sani: ba a ɗaukar fasinja sai jirgi ya cika awannin gwajinsa, kafin nan ƙanƙara ta rufe filin sai bazara. Ya ɗaure min bel da kansa, ya ja ya tabbatar, ya rufe murfin gilashin da ke kaina, ya koma gefe da 'yar rediyonsa a hannu.

Shekara arba'in ina tuƙi, ban taɓa hawa jirgi mai biyayya irin wannan ba. Ya bar ƙasa tun kafin in nema. Na ja shuɗin mariƙi, allurar agogon gudun inji ta sauka ta tsaya cak, na ɗaga hanci, na sauke, ba ta motsa ba. Daɗi ya kama ni, kunya kuma ta fi daɗin yawa, don na san kujerar wa nake kai, na kuma san wanda ya hana shi ita. Can ƙasa na hango shi tsaye shi kaɗai a tsakiyar ciyawa, ya kare ido da hannu.

Rediyo ta yi ƙara. "Nawa take nunawa?"

"Dubu biyu da ɗari huɗu. Ko rawa ba ta yi."

"Zafin mai fa?"

Na karanta masa. Na ce, "Sixten, jirgin nan..." sai na fasa. Na ce bari in sauko.

Na hango shi ya kai rediyon baki.

"A'a, kada ka sauko tukuna. Sake biyowa ta kaina, ƙasa-ƙasa, ta gefen dama. Ta hagu ba na ganinka."