Fiyanon da Na Sayo wa Yaya Ɗalhatu

Ni mutumin tumatir ne. Shekara goma ina lodin kwanduna daga Kura zuwa kudu, kuma a sana'armu ido ne ke ciniki: ja, sumul, babu tabo, shi ke nan an ɗauka. Da wannan idon na yi wa yayana ɓarna a shekarar 1986, kuma har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Yaya Ɗalhatu gyaran rediyo yake yi a bakin kasuwar Kura, kafin ruwan batir ya fantsar masa a fuska ya tafi da idanunsa biyu. Bai daina aiki ba, da kunne da yatsu yake yi, amma mutane suka rage kawo kaya. Sai ya koma yawan zama a bakin hanyar ruwa ta bayan gida, yana sauraro. Daga nesa yana bambanta injinan ban-ruwan manoman wurin, na Datti da na Uba. Ya taɓa cewa na Uba ba zai kai Juma'a ba, kuma bai kai ba.

Da aka yanke alkama ya sayar da tasa, sai ya kira ni ya damƙa mini kuɗin.

"Lukmanu, akwai wani shago a Sabon Gari inda nake sayen kayan gyara. Mai shagon yana da wani tsohon fiyano na lantarki, baƙi, gefensa katako. Ba ya zuwa da kiɗa a cikinsa. Maɓallan murɗawa gare shi kamar na rediyo, kai za ka yi ta murɗawa har ka samo ƙarar da kake so. Na taɓa shi sau ɗaya lokacin ina gani. Shi nake so."

Na ce, "Yaya, me za ka yi da shi?"

"In nemo ƙarar ruwan nan in ya faɗo daga ƙofar madatsa. In na same ta, in nemi wata. Kunne kaɗai ya rage mini, ina so in ba shi aiki."

Na je Kano da sassafe. Mai shagon ya zaro abin daga ƙarƙashin kanta ya karkaɗe ƙura. Jikinsa duk ƙarzane, fentin ya ɗaɗɗaye. Na danna, ya yi gurnani kamar injin niƙa. Na murɗa wani abu, ya koma shewa. Wata mai talla da ke wucewa ta tuntsire da dariya.

A kan kanta kuwa ga wani sabo fil, ruwan azurfa, da fitilu ja da kore. Maɓalli ɗari gare shi. Ka danna ɗaya ka ji ganga, ka danna wani ka ji sarewa, akwai ma wanda in ka taɓa sai ya yi ta kiɗa shi kaɗai kana naɗe da hannu. Farashinsu bai yi nisa da juna ba. Mai shagon ya ce, "In na Ɗalhatu ne, tsohon ka ɗauka. Wannan na yara ne, abin da aka zuba masa shi ke nan." Na ji shi sarai. Amma abin da na hango shi ne ina saukowa daga mota a tashar Kura da sabon kwali a kafaɗa, direbobi suna tambaya. Ban so a ce Lukmanu ya je birni ya kwaso wa makaho tarkace. Gaskiyar ke nan, ba don shi na zaɓa ba.

Da na dawo, matarsa da maƙwabta suna tsaye, Yaya ya shafa abin daga wannan gefe zuwa wancan, yatsunsa suna neman abin murɗawa. Bai samu ba.

Na ce, "Wancan an sayar, Yaya. Wannan ma ya fi shi."

Ya ce, "To, Allah ya yi albarka."

Kwana uku gidanmu ya zama dandali. Mata suna leƙe ta katanga, ni ina tsaye ina danna musu ganga ina washe baki kamar ni na ƙera. Yaya kuwa ya bi maɓallan nan ɗaya bayan ɗaya, har ɗarin. Rana ta huɗu ya sake binsu, ya ji ba abin da ya canza. Matarsa Zuliha ta gaya mini ya kwance bayan abin da sukudireba, ya lalubi ciki, ya tarar da farantin wayoyi ɗaya a liƙe, babu inda hannu zai shiga. Ya mayar ya ɗaure, ya sa ta lulluɓe shi da zane ta ɗora a kan sif.

Daga nan ya daina fita bakin ruwa. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba, kuma wannan ya fi komai cin raina. Na riƙa kawo masa tsire da lemo duk dawowa, yana godiya yana ba yara.

Bayan wata biyu na kasa jurewa. Na koma Sabon Gari da niyyar in sayo tsohon daga aljihuna, sai mai shagon ya ce ya tafi tuni, wani mai kiɗan coci ya ɗauka zuwa Jos. Ya kalle ni wani iri.

Na dawo da la'asar na sami Yaya a zaure, na durƙusa.

"Yaya, ƙarya na yi maka. Ranar da na je yana nan, ba a sayar ba. Kunya ce ta hana ni ɗauko shi."

Ya ce, "Na sani. Bayan sati ɗaya mai shagon ya aiko mini da saƙo ta hannun Datti, ya ce har yanzu yana ajiye mini da shi, in mayar da wannan a musanya."

"To me ya sa ba ka mayar ba?"

Ya gyara zama a kan tabarma. "Ka riga ka faɗa a gaban Zuliha da maƙwabta cewa an sayar. Sai na aika masa ya sayar ɗin, don kada maganar ƙanina ta zama ƙarya."